Kwadon da ke adireshi ba ya hana ɓarawo shiga

Ka ce tunda shafin intanet yana da alamar kwado a adireshi, kuma kowa da kalmar sirri yake shiga, ta ina ɓarawo zai bi? Yaro, kwadon nan hanyar da ke tsakanin wayar mutum da saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, kawai yake tsarewa. Abin da ya ruɓe a cikin manhajar shafin ba ruwansa.

Wani mai makarantar kuɗi a nan Gusau ya taɓa kirana in duba masa shafin da iyaye ke biyan kuɗi da ganin sakamako. Na shiga da asusun ɗalibi ɗaya, na canza lambar da ke ƙarshen adireshi, sai ga takardar wani yaro daban, da rasit da lambar wayar ubansa. Manhajar tana tambayar ko kai wane ne, amma ba ta duba ko takardar taka ce. Wurin ɗora hoton fasfo kuwa, duk abin da ka ba shi karɓa yake, har fayil ɗin PHP, mai ɗauke da umarnin da saba ke iya aiwatarwa. Wanda ya gano wannan, sabar ta zama tasa.

Na rubuta masa komai dalla-dalla, na ce manhajar ta tsufa, dole a sabunta ta. Ya ce in bar takardar zai yi shawara. Ashe ɗan ƙanwarsa ya miƙa wa, wai ya yi kwas ɗin kwamfuta. Yaron ya sauya launin shafi, ya ƙara tsawon kalmar sirri, shi ke nan. Cikon kuɗina ko sisi ban gani ba. Da sabon zango ya zo, aka shiga aka musanya lambar asusun banki, iyaye suka yi ta tura kuɗi inda ba a sani ba. Ka san abin da mai makarantar ya faɗa wa mutane? Wai ni na yi, tunda ni na san inda ɓarakar take. Manyan ayyuka sun kuɓuce mini saboda ƙazafin nan. Allah ya isa.

Kada ka ɗauka ƙananan wurare kaɗai abin ke samu. A 2017 an fitar da gyaran Apache Struts, wata manhajar gina shafukan intanet, tun watan Maris, kamfanin Equifax na Amurka bai saka ba, aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147.

Ku yaran yanzu so kuke ku sauke manhajar binciken ɓaraka, ku danna, ta yi muku tunani. Ba za ta san takardar wa ya halatta wa ya gani ba, wannan aikin kanka ne. Zancen ajiye kwafin bayanai da canza kalmar sirrin da ta zo da manhaja kuwa, ba zan ɓata bakina ba.

Gobe ka buɗe asusu biyu a sabarmu ta gwaji, ka nemi takardun ɗaya da ɗayan, ka kawo mini abin da ka gani. Shafin wani kuma kada ka taɓa sai da izini a rubuce, dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan. Kuma kada rahoto ya bar hannunka kafin kuɗinka ya shigo.