Safayar Hilux a Hanyar Mambila: Wace Iri, Kuma a Ina Za a Ɗaure Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux ƙirar 2016 wadda nake hawa Mambila da ita daga Jalingo, ta Bali da Serti har Gembu, daga nan in shiga hanyoyin rugage inda babu kwalta. Na sauya tayoyi huɗu zuwa 265/70 R17 masu manyan zane, amma safayar da ke ƙarƙashin motar ta asali ce, 265/65 R17, ba a taɓa sa ta ba. Shin ta wadatar? Idan kuma na ƙara ta biyu, a ina ya fi dacewa in ɗaure ta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, wannan safaya ba ta wadatar ba, kuma ina roƙonka kada ka sake hawa dutsen nan kana dogaro da ita. Ga motar da ke shiga daji, safaya taya ce ta biyar wadda dole ta yi daidai da sauran huɗun a girma da ƙarfi da zane, domin ranar da za ka neme ta, a mafi munin wuri na hanyar za ka neme ta.

Mu fara da girma, domin a nan ne yawancin mutane ke ruɗuwa, ganin cewa duka biyun 265 ne kuma duka suna hawa rim 17. Lamba ta farko faɗin taya ce da milimita, ta ƙarshe kuma girman rim da inci. Ta tsakiyar ita ce tsayin gefen taya, ana lissafa shi da kashi cikin ɗari na faɗin. Idan aka buga lissafi, tsayin tayoyinka huɗu daga ƙasa zuwa sama ya kai kusan milimita 803, na safayar kuwa 776. A ido ba wani abu ba ne, amma a kowace kilomita ɗaya gajeriyar za ta juya sau 410, sauran kuma sau 396. Difarenshiya, wato giyar da ke barin ƙafar dama da ta hagu su juya daban-daban, ita ce za ta riƙa shanye wannan bambanci na juyi 14 ba hutawa, alhali an yi ta ne don ta yi wannan aiki na ɗan lokaci a kan kwana. Idan ka sa giyar ogzilari, wadda ke ɗaure ƙafafun gaba da na baya su ja tare, abin ya fi muni: a cikin taɓo ƙafa za ta ɗan zame ta sauke nauyin, amma a kan busasshiyar marmara ko kwalta ƙarafan ciki ne za su sha wahalar. Idan har larura ta sa ka ɗaura ta, ka tafi a hankali, ka cire ogzilari da zarar ƙasa ta yi tauri, ka tsaya wurin mai faci na farko.

Abu na biyu shi ne shekaru, kuma shi ya fi damuna. Cewa ba a taɓa sa ta ba, ba ya nufin sabuwa ce, domin roba tana tsufa ko tana aiki ko tana kwance. Ka duba gefenta inda aka rubuta DOT, za ka ga lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2315 na nufin mako na 23 a shekarar 2015. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara idan ta kai biyar, a kuma sauya ta idan ta kai goma ko da zanenta bai ci ba, safaya ma tana ciki. Taka ta shafe shekaru tana shan zafi da laka da ruwa a ƙarƙashin mota. Ka sauko da ita, ka wanke, ka danna gefen da babban yatsa a cikin hasken rana. Idan ka ga ƙananan tsagu kamar kaushin diddige a lokacin hunturu, to ta gama yayinta.

Wajen sayen wata, ka nemi irin waɗanda ke ƙafar motar, kamfani ɗaya da zane ɗaya. Ka duba lambar nauyi da ke bin bayan girman, misali 112 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120, kada ta safayar ta gaza ta sauran. Masu alamar LT, wato na ƙananan motocin ɗaukar kaya, sun fi kaurin gefe, kuma a daji gefen ne ke mutuwa, ta hanyar kututture ko bakin dutse. Hujin ƙusa ko ƙaya a tsakiyar zane ana toshe shi, amma yagewar gefe ba ta da facin da za a amince da shi. Ni dai ba na son tsohuwar taya ta gwanjo a matsayin safaya, komai kyawun zanenta. Ka kula da rim ma: na Hilux da Prado noti 6 ne, na Land Cruiser 100 da 200 kuwa 5, kuma rim na ƙarfe da na alminiyam sau da yawa ba iri ɗayan noti suke ci ba. Ka ɗaura ta a gida ka gwada kafin tafiya.

Batun ta biyu kuwa, tunaninka daidai ne, domin wanda ya sa safaya ɗaya a bayan garin Nguroje da ke saman dutsen ya koma ba shi da ko ɗaya, ga sauka daga dutse tana jiransa. Ta farko ta zauna a mazauninta na ƙarƙashi, amma ka tabbatar babbar ta shiga ba ta goga salansa ba, ka juya bakin iskarta inda hannu zai kai. Sarƙar da ke sauko da ita tana cin tsatsa. Na sha ganin direba a tsugune cikin laka, taya lafiyayya tana sama da kansa, sarƙa ta ƙi motsi. Ka riƙa sauko da ita duk wata biyu ko uku kana shafa giris, kana auna iska.

Ta biyun ka sa ta a cikin bodi, a jingine da bayan kan motar, a ɗaure da ƙarfe mai noti ko bel mai ƙarfi a wurare biyu. Taya da rim irin wannan sukan kai kilo 30, idan aka taka birki da ƙarfi tana sake za ta iya fasa gilashin baya. Saman mota shi ne zaɓi na ƙarshe, musamman a Mambila, domin nauyi a sama yana ƙara wa mota saurin karkata a kwanar dutse da gangare, ga wahalar sauko da ita ga mutum ɗaya.

Tare da su ka riƙe jak mai kyau da faffaɗan katako mai kauri da za ka ɗora shi a kai don kada ya nutse, da sifanar taya mai dogon hannu, da famfon iska mai aiki da batirin mota, da kayan toshe hujin tubles. Idan safayar iri ɗaya ce da sauran, ka shigar da ita cikin juyin tayoyi duk kilomita 10,000, ta yadda biyar ɗin za su ci tare.