Lakar da ke ƙasan robar jinja: amsar da aka bayar a zauren masu masa da fanke

Wata ƴar'uwa ta tambaya: robar jinjarta ta kwana biyu a ɗaki har ta kumbura, ta ga farar laka ta kwanta a ƙasa, an ce mata yis ce. Ko za ta iya zuba wa ƙullu ta huta da saye? Ga amsar da aka turo da murya, an rubuta ta don waɗanda ba su samu saurare ba.

Salamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da rana, ya zafi? To ƙanwata, na ji saƙonki har sau biyu. Wanda ya ce miki yis ce bai yi ƙarya ba, yis ce. Abu ne mai rai, yana jikin citta, yana yawo a iska, ya samu sukari ya ci, ya yi ta fitar da iska, shi ya sa robar ta yi tauri kamar ganga. Wasu Turawan da ke haɗa giya a gida, su Beljiyam da Ingila, daga lakar kwalba suke tayar da nasu. Wannan ba harkarmu ba ce, amma hanyar ɗaya ce.

Sai dai ni abin da na ji a muryarki, ba jinjar ba ce damuwarki. Ƙullunki ne ba ya tashi, kin gaji da asarar fulawa. Ko ba haka ba? To mu fara da nan. Yis ɗin da ake ƙullawa a ƴar leda, wannan fa shi ne ke kashe mu a garin nan. Asalinsa fakiti ne na gram 500, an zuƙe masa iska, ki taɓa ki ji shi kamar bulo. Da gangan aka yi haka, don iska da laima da zafi su ne ajalinsa. Sai a farke shi, a rarraba a leda, a rataye a bakin tebur, rana na dukansa tun hantsi har la'asar. A Damagaram! A watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 a inuwa! Ki saya, ki zuba cokali, shiru, ki ƙara, shiru, ki ce fulawa ce ba kyau, ko an yi miki baki. Ba wanda ya yi miki baki Hajiya, gawa kika saya. Kuma in kin koma ki yi magana a ce jiya aka buɗe. Kullum jiya aka buɗe. Ki gwada kafin ki kwaɓa: ruwa mai ɗan ɗumi rabin kofi, ƙaramin cokali na sukari, ƙaramin cokali na yis, ki bar shi minti 10. Ya yi kumfa ya taso, yana da rai. Ya kwanta kamar yashi, zubar. In za ki iya, ki sayi ƙaramin fakitin nan na gram 11 da ba a farke ba, ya ishi kilo ɗaya na fulawa. Ko ku haɗu ku huɗu ku sayi babban, ku raba a kwalabe masu murfi, kowa ta ɓoye nata a wuri mai sanyi.

To, lakar. Kar ki juye ta haka cikin ƙullu. Kaɗan ce, ta gaji, kuma ba ita kaɗai ba ce a ciki, akwai ƙwayoyin tsami irin na nono. In kin jefa ta cikin tiya guda, masu tsamin za su riga ta, ƙullu ya yi tsami bai tashi ba. Kiwonta ake yi, daga kaɗan zuwa da yawa.

Ki tsayar da robar a wuri mai sanyi ta kwana kar a girgiza. Da safe ki sassauta murfin a hankali, ki kau da fuskarki, don tana iya feshe ki. Ki tsiyaye ruwan sama ki zubar, ki bar kamar faɗin yatsa ɗaya a ƙasa, wajen cokali biyu manya. Ruwan saman nan ba na sha ba ne, balle sayarwa, sukarinsa ya fara juyewa barasa. Hukuncin amfani da lakar kuwa ki tambayi malaminki, ni aikin hannu nake faɗa.

Ki samu kwalbar gilashi mai faɗin baki, ki wanke, ki tafasa ta da murfinta da cokalin minti 10. Ba ɗauraya ba, tafasawa. Sannan abincin: ma'aunin shi ne ɗaya cikin goma, gram 10 na sukari a ruwa mililita 100, wato ƙananan cokula biyu a rabin kofi. Ki tafasa ruwan, ki bar shi ya huce a rufe. Ya huce fa! Ki ɗiga a bayan hannu, in kin ji ɗumi fiye da jikinki, ki jira. Daga digiri 55 zuwa 60 yis ya mutu murus, kuma tun kafin nan ya jigata. Masu cewa a sa ruwan zafi don ya tashi da sauri, su ma ina da magana da su, amma bari.

A'a tsaya, na yi gaggawa. Sukari kaɗai ba ya riƙe shi. Zai yi kumfa kwana ɗaya ki yi murna, a zagaye na biyu ya lalace, don farin sukari ba komai a cikinsa sai zaƙi, shi kuwa in zai hayayyafa yana son abin gina jiki. Ki ƙara ƙaramin cokali ɗaya na fulawa bayan ruwan ya huce. Wanda ya fi wannan, ruwan tsiro. Ki jiƙa gero ko dawa su kwana, ki shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu kwana biyu zuwa uku har tsiro ya leƙo, ki shanya a inuwa, ki daka. Gram 100 a rabin lita na ruwan da ya yi zafin da yatsa ba ya iya daɗewa a ciki amma bai tafasa ba, wajen digiri 65, ki rufe awa ɗaya. Ki ɗanɗana za ki ji ya yi zaƙi da kansa ba sukari. Ki tace, ki tafasa minti 10, ya huce. Aiki ne, na sani. Wadda ba ta da lokaci ta tsaya a fulawar.

Ki zuba lakar a ciki, ki rufe da tsumma mai tsabta ki ɗaure da roba. Kar ki datse murfi, gilashi ne, fashewa zai yi. Kuma yana son iska a wannan matakin, da iska yake haihuwa, in ba iska sai ya koma yin barasa. Duk sanda kika gifta ki ɗan kaɗa kwalbar.

Inda za ki ajiye, nan ne aikin yake. Shi yana jin daɗi tsakanin digiri 25 da 30. Ɗakin kwano da rana a bazara ya wuce nan nesa, masu tsami kuwa zafin nan ya yi musu daidai. Ki kai kwalbar gindin randa, kan jiƙaƙƙen yashin nan, ko ki sa ta cikin ƙwarya da ruwa ki lulluɓa jiƙaƙƙen ƙyalle. Da hunturu kuwa, Disamba da Janairu, akasin haka, ki naɗe ta da zane ki sa a ɗaki, kuma ki ƙara mata kwana, ba mutuwa ta yi ba, sanyi ne.

Kwana ɗaya zuwa biyu za ki ga ƴan ƙwayoyin iska na hawa ta gefen gilashi, ruwan ya yi gurɓi kamar tsinkakken koko, ƙamshi kamar gidan burodi da asuba. Sai mataki na biyu, ninki goma: lita ɗaya, gram 100 na sukari, manyan cokula biyu na fulawa, ki juye na farkon duka a ciki. Kwana ɗaya ko ɗaya da rabi. In kumfa ya lafa ki bar shi ya kwanta, ki tsiyaye, wannan farin kirim ɗin na ƙasa shi kike nema. Ki kwaɓa shi da fulawa gram 100 da ruwa daidai nauyinta, ki yi wa kwalbar alama da zare. Ya ninka cikin awa 4 zuwa 6, ya isa aiki. Bai ninka ba, ki zubar da rabi ki sake ciyarwa.

Gram 200 nasa a kilo ɗaya na fulawa. Kuma ba zai tashi cikin awa ɗaya kamar na fakiti ba, ki ba shi 4 zuwa 6. Ga masa kam ya dace, don ɗan tsamin nan shi ake so. Fanke kuwa wasu masu saye za su ce ya sauya ɗanɗano, ki gwada da rabin kilo tukuna kar ki sa jarinki duka. Gishiri kar ya haɗu da shi kai tsaye, kanwa kuma sai dab da suya, kar ki sa ta a kwalbar kiwo.

Kika ga gashi-gashi a sama, baƙi ko kore, ko launi ja-ja ko ruwan lemu, ko wari kamar ruɓa, kar ki kwashe saman ki ce ƙasan lafiya. Duka a zubar, a sake tafasa kwalba. Ruwa ya taru a sama da wari mai hawa kai, wannan yunwa ce kawai, ki tsiyaye ki ciyar. Lemon kwalba na kanti kuma kar wata ta wahala, ba mai rai a ciki.

Kullum ki rage cokali biyu ki ciyar, a bazara safe da yamma. A firigo yana yin mako guda ba ci, in ba a ɗauke wuta ba ke nan. Za ki yi tafiya, ki shafa shi siriri a faranti, ya bushe a inuwa, ki marmashe ki zuba a kwalba, yana yin watanni. Amma ki yi lissafin sukari da fulawar da yake ci fa, in ba kullum kike suya ba, na fakitin ya fi miki sauƙi. Kuma wannan kiwon da na faɗa, in kin fara shi da tsunkule ɗaya na yis mai kyau ya fi na jinja tabbas, matuƙar ba na ledar nan ba ne da ake... to, na riga na faɗa. Ki turo hoton kwalbar jibi mu gani.