Motar lantarki daga Damagaram zuwa Yamai: za ta kai?

Tambaya: Ɗan kasuwa ne ni a Zangon Damagaram, kusan duk wata sai na je Yamai. An yi mini tayin motar lantarki ƙirar Sin, batirinta kilowat-awa 60. Za ta ɗauki wannan hanya? Kuma da gaske ta fi mai shan isansi araha?

Amsa: Alhaji, mu fara da kuɗi, don nan ne mai sayarwa yake da gaskiya. Mota matsakaiciya tana shan isansi lita 8 a kilomita 100, wato kusan jika huɗu idan lita tana wajen sefa 500. Ta lantarki a kan kwalta, da sanyin mota a kunne, tana cin kilowat-awa 18 ko kusa da haka. Ka duba takardar kuɗin wuta ta NIGELEC ɗinka ka ga nawa ake caje ka. In mun ƙaddara sefa 100 a kowane kilowat-awa, haɗe da wutar da ke salwanta wurin caji, jika biyu ke nan a kilomita 100. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi.

Matsalar tana kan hanya. Kilomita 400 da ke rubuce a takardar motar awon gari mai sanyi ne da tafiya a hankali. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kana gudun 100 da kaya a but, ka ɗauka 280 ce, kuma mai hankali ba ya barin batir ya sauka ƙasa da kashi 15. Zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, saboda haka caji huɗu: Maraɗi, Ƙonni, Dogondutsi, Doso. Maraɗi kaɗai, kilomita 235, za ta cinye kusan kilowat-awa 50 a wannan yanayi. Soket ɗin ɗakin otal yana ba da kilowat biyu da 'yan kai, mayar da abin da ka ci zai ɗauki sama da awa 20, in ba a ɗauke wuta ba. Caja mai kilowat 7 tana gamawa cikin awa bakwai zuwa takwas, amma tana son mita mai amfiya 32 da waya mai kauri. Siririyar waya narkewa take yi. Tafiyar da bas ke yi yini guda ta koma kwana uku ko huɗu. Kada ka tashi bisa labarin "akwai wurin caji a can", sai ka tabbatar da bakin cajar: motocin Sin yawanci GB/T ne, na Turai CCS2, ba sa shiga juna sai da mahaɗi.

Wani abin da ke ba mutane mamaki: caja takan ƙi aiki idan wayar ƙasa ba ta kama ba, ga ƙasarmu da rani busasshiya ƙarau. A kafa sandar tagulla mai zurfi, a riƙa jiƙa wurin.

In ka nace, ka nemi batir irin LFP (wani nau'in batirin lithium), ya fi jure zafi, kuma mai sanyaya kansa da ruwa. Tsofaffin Nissan Leaf ba su da wannan, zafi na saurin cinye su. Ta hannu ce? A jona na'urar OBD, mai duba kwamfutar mota, a karanta lafiyar batirin. Ƙasa da kashi 80, ka bar ta, don sabo miliyoyi ne. Batirin yana shimfiɗe a ƙarƙashin mota, rami ko tudun rage gudu na iya lotsa shi, kuma in ta tsaya a daji ba a janta da igiya, sai an ɗora ta kan babbar mota. Nauyinta na cin taya da wuri.

Don zirga-zirgar gari, daga gida zuwa Kasuwar Dole ko Mirya, ka jona da dare ka kwanta, muna ba ka shawarar ka saya. Don Yamai duk wata, haɗaka mai inji da batir irin Toyota Prius, wadda ke shan lita biyar a kilomita 100 kuma ba ta neman soket, ita ta dace da kai.