Ga mai son nazarin maganaɗisun siraran ƙarafa a Turai

Ɗan'uwa, ka ce ka gama digiri na biyu a fiziks, kana son digirin digirgir kan ƙarafan da ake jerawa hawa-hawa, kuma ka tambayi inda za ka nufa da shirin da za ka yi.

Fannin ya bunƙasa ne daga 1988, lokacin da Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa a ɗakin bincikensa, suka gano cewa jerin baƙin ƙarfe da kuromiyam yana rage tare wutar lantarki sosai idan maganaɗisu ya kama shi. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 2007.

Aikin duk a kauri yake. Ɗauki kobalt da filatinum. Idan kaurin kobalt yana tsakanin nanomita 0.3 da 0.6 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), maganaɗisunsa tsaye yake miƙewa a kan shimfiɗar. Da ya haura nanomita 1 da ɗan abu, sai ya kwanta, domin ƙarfin da ke tsayar da shi daga mahaɗar ƙarafan biyu yake fitowa, kauri kuwa yana danne shi. Ana fara shimfiɗa tantalum nanomita 3 zuwa 5 a kan silikon don filatinum ya jeru daidai, a ƙarshe a rufe da wata shimfiɗar ƙarfe ta nanomita 2 ko 3 kada iska ta ci kobalt.

Samfur yakan lalace tun a cikin injin feshin ƙarfe, wanda da shi ake shimfiɗa ƙarafan. In ba a zuƙe iskar cikin injin har matsinta ya sauka kusan miliba 10⁻⁸ ba kafin a saki iskar argon, iskar oksijin za ta shiga mahaɗar. Faifan ƙarfen da ake fesowa daga gare shi kuma yana cinyewa, saurin feshi ya sauya, shi ya sa ake yawan sake auna kauri da hasken eksire. Kada ka taɓa samfur da hantsakin ƙarfe. Ɗan ɓurɓushinsa ya isa ya ɓata awon SQUID, na'urar auna maganaɗisu. Shi kansa silikon yana da nasa sigina, dole a cire shi.

Duba cibiyar Max Planck ta Halle inda Stuart Parkin yake, da cibiyar bincike ta Jülich, duk a Jamus, da cibiyar Spintec a Grenoble ta Faransa, da Jami'ar Leeds. A Jamus yawancin guraben nan da albashi suke, kai tsaye ake rubuta wa farfesa. Ingila kuwa sai da takardar ATAS, wato izinin gwamnati na karatun wasu fannonin kimiyya, kafin biza, nema da wuri.

Koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, tun daga gida. Kuma kafin ka amsa gurbi, tambayi farfesan: injin feshin nasu ne ko na haɗaka, kuma kwana nawa ɗalibi yake samu a wata?