Tambayi Likita: Ciwon hannu da na baya ga masu sana'ar tausa

Tambaya: Likita, ina tausa da gyaran jikin amare a Gwammaja. Cikin dare yatsuna uku sukan mutu, in ji kamar ana tsikara min allura, sai na yarfe hannun. Mene ne wannan?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba da sauƙi. Akwai jijiyar da ke ratsa wata matsattsiyar hanya a wuyan hannu, ita ke kai ji zuwa babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na kusa da ƙarami. Wuni ana danna jiki da hannu a lanƙwashe yana kumbura wurin, sai jijiyar ta matsu. Ki sami abin ɗaure wuyan hannu da ke miƙe shi, ki riƙa kwana da shi. Wajen aiki kuma ki hutar da babban yatsa, ki danna da damtse da gwiwar hannu. Ki auna sukari, domin ciwon sukari da juna biyu suna jawo hakan. Idan kofi ya fara suɓuce miki, ko naman gindin babban yatsa ya fara ramewa, kada ki jira: ki je Asibitin Ƙashi na Dala ko sashen gashin ƙashi na Asibitin Malam Aminu Kano.

Tambaya: Ni matashi ne, ina bin gidaje a Hotoro ina tausa a kan tabarma. Bayana yana ciwo, kullum sai na sha diclofenac kafin in fita.

Amsa: Ɗan'uwa, ƙwayar nan ta fi ciwon bayan tayar min da hankali. Shan ta kullum yana iya jawo gyambon ciki, ya kuma taɓa ƙoda, balle a zafin Afrilu da mutum ke zufa bai sha ruwa sosai ba. Ka daina, ka je a duba ka.

Sunkuyo ne ke cin bayanka. In da hali ka sa kafinta ya yi maka gadon tausa wanda tsayinsa ya zo daidai dunƙulen hannunka idan ka tsaya ka saki hannu. Ka sa ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, nauyin jikinka ya yi dannar. In dole sai a ƙasa, ka durƙusa kan filo dab da mutumin, kada ka miƙa daga nesa. Tsakanin mutum da mutum ka tashi ka miƙe, ka sha ruwa.

Tambaya: Da hunturu hannuna yana tsagewa. In ci gaba da aiki?

Amsa: Hajiya, ki rufe tsagar da filasta ko ki sa safar hannu, ki riƙa shafa man kaɗanya bayan kowane wanki. Wanda kika ga makero ko ƙazuwa a jikinsa, ki ba shi haƙuri sai ya yi magani tukuna.