Amsa ta murya: bambancin DVR da bidiyon kaset

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yallabai, na ga tambayarka, wai me ya raba DVR, wato na'urar zamani mai ɗaukar bidiyo ta ajiye a faifai, da tsohon bidiyon kaset tunda duk ɗaukar hoto suke yi. Rubutu zai yi tsawo, bari in faɗa da baki.

Kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fitar a 1976, zare ne mai maganaɗisu a nannaɗe. In ka tura shi, sai na'urar ta zaro zaren ta zagaya shi jikin wani dunƙulen ƙarfe mai juyawa da gudu. Ƙananan kawuna da ke jikin ƙarfen su ke rubuta hoton a karkace, su ke karanta shi. Ka ga ke nan gogayya ake yi. Kullum aka kalla, zaren na ƙara gajiya, shi ya sa hoto ke rawa, layuka su fito, wata rana ma na'urar ta tauna kaset ɗin. In ka kwafa daga kaset zuwa kaset kuwa, na biyun ya fi na farko dishi-dishi.

To shi DVR, irin su TiVo da suka fito a Amurka a 1999, ba ruwansa da zare. Hoton yake mayarwa lambobi, ya matse shi, ya zuba a faifan ajiya irin na kwamfuta. Matsewar nan akwai dabara. A ce mai karanta labarai ne a zaune, bangon bayansa bai motsa ba, bakinsa ne kawai ke motsi. Sai a ajiye hoto ɗaya cikakke, sauran a riƙa rubuta abin da ya canza kaɗai. Haka tsare-tsaren matse bidiyo irin su MPEG-2 da H.264 ke aiki.

Amma ni a ganina babban bambancin shi ne wannan: a kaset, in kana son ƙarshen shiri, dole ka jira zaren ya wuce duka. Faifai kuwa tsallakawa yake yi kai tsaye, kuma yana iya ɗauka yana nuna maka a lokaci guda. Shi ya sa za ka tsayar da ƙwallo ana cikin bugawa, ka je ka dawo, ka ɗora daga inda ka tsaya. Kaset ba zai taɓa yin haka ba. Ai tun 2016 kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyon kaset, ya daina.

Sai dai fa, masu kyamarar tsaro, ku saurara. Yawancin DVR da ke ajiye hoton kyamarorinku in faifan ya cika ba ya sallama, kan tsohon hoto yake hawa ya goge shi. In wani abu ya faru, a ranar ku kwashe wurin a filash. Faifan ma yana mutuwa, in ya mutu kuma sau da yawa da komai yake tafiya. Wassalam.