Amsa ga ɗan ƙanwata kan cocin da ba a kiɗa

Ɗana, saƙonka ya iso, mun gode Allah da kana lafiya. Ka ce abokin karatunka a Tennessee ya kai ka sujada, ka tarar ba ganga ba piyano sai murya zalla, kuma kowace Lahadi sai an ci Jibin Ubangiji, har kana tambaya ko sabuwar ɗarika ce. Sunanta Churches of Christ, kuma ta girmi kakan kakanka.

Wajen 1800, Turawan da suka nausa yammacin Amurka suna sare daji sun tafi da rarrabuwar da suka gada daga Turai, wannan Presbiteriyan, wancan Baptis, wancan Metodis, alhali wani ƙauyen sai ya yi wata bai ga fasto ba. A watan Agusta na 1801 dubban mutane suka taru don falkaswa a Cane Ridge ta jihar Kentucky, inda Barton Stone yake fasto, masu wa'azin ɗariku dabam-dabam suna wa'azi a fili ɗaya. A 1804 Stone da abokansa suka rushe majalisar da suka kafa da hannunsu, suka ce sunan Kirista ya ishe su, kamar mutanen Antakiya, inda aka fara kiran almajirai Kirista. Can Pennsylvania kuma, a 1809, Thomas Campbell ya kawo ƙa'idarsa: inda Nassi ya yi magana a yi, inda ya yi shiru a yi shiru. Mabiyan ɗansa Alexander da na Stone suka haɗe a Lexington a 1832.

Jibin kowane mako daga Ayyukan Manzanni 20:7 suka ɗauko shi. Maganar kiɗa ce ta zama ƙashin kifi. Afisawa 5:19 ta ce a rera waƙa, ba ta ambaci kayan kiɗa ba. To shirun nan hani ne ko izini? Wannan gardamar, da ta kafa ƙungiyar mishan, su suka raba mutanen da neman haɗin kai ya tara, har ƙidayar gwamnati ta 1906 ta rubuta Churches of Christ, masu ƙin kiɗa, dabam da Disciples, waɗanda suka yarda da shi. Kada sunan ya ruɗe ka da COCIN ta Jos, ita daga mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) ta fito.

Ni dai ban ga yadda shiru zai zama doka ba, ga Zabura 150 cike da ƙaho da molo. Amma ka ci gaba da zuwa, ka koyi yadda suke raba murya huɗu ba jagoran kiɗa. In ka dawo hutu, kada in ji ka ce wa uwarka ta ajiye tulun kiɗan zumuntar mata.

Kawunka.